Siron Khalifa da Akuyar Inna Hajjo

Akuya ce ta fara shigowa gidan, sannan Inna Hajjo ta biyo ta riƙe da igiya, ƙwarya a ka, tana haki.

"Salamu alaikum! Ina mutanen gidan ga? Auta! Zo ka kama mini dabbar ga kahin ta kada ni!"

Imrana ya fito daga ɗaki da sauri, ya durƙusa ya gaida mahaifiyarsa, sannan ya dubi akuyar, ya dubi Inna.

"Inna, tun daga Urafane kinka taho da akuya? Cikin mota?"

"A'a, goyo na yi mata! Mi kake so jaririn shi sha in ba nononta ba?"

Rufaida, matar Imrana, tana kwance a ɗaki ta ji wannan magana, hankalinta ya tashi. Jiya-jiya aka sallamo ta daga matarnite, wato asibitin haihuwa na nan Tasawa, da ɗanta na fari, namiji. A al'ada gidan iyayenta ya kamata ta je wankan jego, to ita marainiya ce, shi ya sa surukarta ta ce ita ce uwa, ita za ta zo ta yi mata komai. Kuma fa Inna Hajjo in ta ce komai, to komai take nufi.

Akwai abin da Inna ba ta sani ba. Rufaida tana ɗauke da ƙwayar cutar sida, wato ƙanjamau, kuma da ita ta tashi. A wurin mahaifiyarta ta same ta, wadda ta rasu ba tare da kowa ya san sunan ciwonta ba. Sai da Rufaida ta shiga kwaleji, ciwo ya yi ta kada ta, sannan aka auna jininta aka gane, aka ɗora ta kan magani. Ranar da Imrana, mai gyaran moto, wato babur, a bakin tasha, ya ce yana son ta, a ranar ta faɗa masa gaskiya don ya kama gabansa tun da wuri. Bawan Allah ya ɓace kwana biyu, ashe wurin likitoci ya je ya yi ta tambaya har ya gajiyar da su. Ya dawo ya ce mata, "Bon, na ji komi. Yaushe zan turo magabatana?"

Da ciki ya samu, tare suka riƙa zuwa awo, shi kaɗai namiji a kan bencin mata, ana ta yi masa dariya. Madam Mansura, ungozomar matarniten, ta ɗaure musu sharuɗɗa: uwa kada ta tsallake maganinta ko rana ɗaya, haihuwa a likita, wato asibiti, jariri ya sha siro, wani maganin ruwa, kowace safiya har sati shida, kuma har ya yi wata shida kada komai ya shiga bakinsa sai nonon uwa. Ko ruwa. Duk sun riƙe, ba su yi wasa da ko ɗaya ba, sai ga akuya a tsakar gida.

Inna ta shiga ɗaki ta ɗauki jikanta, ta yi guɗa har akuyar ta amsa daga waje.

"Masha Allahu! Hancin marigayi ne sak! To, ke, mi anka ba shi tun da ya hwaɗo?"

"Nono, Inna," in ji Rufaida, kanta a ƙasa.

"Nonon wa?"

"Nawa."

"Dakashi? Kinka ba shi dakashin hwarko, ba a matse an zubar ba? Innalillahi! Su likitan suna kallo?"

"Su sunka ce in ba shi, Inna. Sun ce shi ne mai kyau."

Inna ta riƙe haɓa. Sai ta rungume jaririn ta fice da shi rumfa, don a ganinta nan ne wurinsa. Kowa ya san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta ɗaukarsa gaban manya, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi, sai dai a miƙa mata ta ba shi nono tana kallon bango. Uba kuwa ko kallonsa ba ya yi a gaban mahaifiyarsa. Kai, jama'a! Ga yaro yana da iyaye biyu masu ilimin abin da zai cece shi, kuma dukansu al'ada ta ɗaure musu hannu.

Washegari da safe mata suka cika rumfa wajen barka, jariri yana cinyar Inna. Lokacin siro ya yi. Rufaida ta leƙo, ta koma, ta sake leƙowa. Ta dubi ƴar kwalbar da ke hannunta, ta tuna fuskar Madam Mansura. Sai kawai ta ratsa tsakiyar mata, ta durƙusa gaban surukarta, ta ɗauke ɗanta cak, ta zuƙo farin siron da ɗan sirinji marar allura ta ɗiga masa a baki.

Wata tsohuwa ta tafa hannu.

"Ikon Allah! Hajjo, wannan ce surukar taki? Ɗan hwari ne hwa!"

"Mi ne ne wannan kike ɗura mishi?" Inna ta tambaya, kunya ta kama ta.

"Na likita ne, Inna. Na ƙarin ƙarhi."

Daga ranar gidan bai sake zama lafiya ba. Duk abin da ya shafi jikinta, Rufaida ba ta musu. Ruwan wanka mai ƙuna ta daure ta yi wanka da shi, kunun kanwa ta shanye ƙwarya guda ba ta yamutsa fuska ba. Amma da Inna ta nufi bakin jariri da ludayi, sai ka ga yarinya ta diro kamar kaza mai ƴaƴa.

"Inna, don Allah, ban da ruwa!"

"Cikin zahin ga na Tasawa? Kashe shi za ki yi da ƙishirwa?"

"Akwai ruwa cikin nono, Inna."

"To nonon akuyar hwa? Da shi na raini mijin naki, ga shi nan ƙato!"

"Don Allah, Inna, ki yi haƙuri..."

"Haƙuri, haƙuri! Ke ba ki da wata magana sai haƙuri, hannunki kuwa yana bisa ɗa!"

Wata rana da la'asar Inna ta fita neman ganyen wanka. Imrana ya faɗo ɗaki kamar ɓarawo, ya sunkuci ɗansa ya yi ta shinshina shi. Rufaida ta fashe da kuka.

"Sheri, na gaji! Ko ban ɗaki zan shiga sai in riƙa jin kamar ana ba shi wani abu. Ka yi mata magana mana!"

"In ce mata mi? Jiya kallonshi kawai na yi, ta ce ni ma kin shafa mini rashin kunya." Ya zauna kusa da ita, ya rage murya. "Rufaida, ko mu hwaɗa mata gaskiya?"

"In Inna ta ji, Urafane ta ji. Ranar kasuwa kowa ya ji. Ka san yadda za a riƙa kallona, da shi ma yaron."

"Dakor. Sirrinki ne, ba ni buɗe shi sai kin ce. Amma ki sani, ko duniya duka ta ji, ina nan inda nike."

Ranar suna aka raɗa wa yaro Mamudu, sunan mahaifin Imrana, ana kiransa Khalifa. Dangi suka zo daga Urafane da Kona, suka ci suka sha, suka kuma ci naman mai jego da baki. Wai ta hana kaka jikanta. Wai ƴar lakwal ce, boko ya sa ta fi ƙarfin al'ada. Wai ta shanye Imrana. Inna ta ji duka, kuma kowace kalma ta soke ta. Da baƙi suka watse ta kira ɗanta bayan rumfa.

"Auta, ta kunyata ni gaban dangin ubanka. In an yi arba'in ka ba ta takardarta, ni in tahi da mijina Urafane in raine shi yadda aka raini mutane."

"Inna, ki gafarce ni. Komi kinka ce ina yi, amma ban da wannan."

"Ni kake hwaɗa wa haka?"

"Ina son ta, Inna."

Inna ta dube shi kamar ya zage ta. A ranta ta gama yanke hukunci: duk fitinar nan daga kwalbar nan take. Ita ce ke sa yarinya tsallake manya kowace safiya, ita ce kuma ta hana yaro abincin kirki. Ta jira Rufaida ta shiga wanka, ta ɗauko kwalbar, ta tuttular da siron bayan katanga. Ta tatso akuyarta ta cika kwalbar, fari ya maye gurbin fari, ta mayar inda ta gan ta. Wai ita dabara! Yarinya ta ba shi da hannunta, kowa ya huta.

Safiyar farko Rufaida ta ga kamar siron ya tsinke, ta ɗauka ba ta girgiza shi sosai ba ne, ta ba yaro. Safiya ta biyu tana buɗe murfi wani tsami ya bugi hancinta. Ta karkata kwalbar, abin ya fito guda-guda.

"Imrana! Imrana! Na shiga uku!"

Ya jefar da makullin moto ya rugo. Inna kuwa tana zaune a tabarma da Khalifa a cinya, ko gezau.

"Daina ihu, ni ce. Na zubar da shi, na sa mishi nonon akuya. Jiya ma da hannunki kinka ba shi, ga shi nan bai mutu ba."

Rufaida ta zube a ƙasa. Ta yi ciki wata tara tana haɗiyar magani ko tana amai, ta jure zagi, ta zama marar kunya a bakin dangi, duk don wannan ƴar kwalba. Tsoron Urafane da kasuwarta ya fice mata daga rai gaba ɗaya.

"Inna," ta ce, hawaye na zuba, "ba na ƙarin ƙarhi ba ne. Ina da sida. Siron ga shi ne ke tsare shi kada shi ɗauka daga gare ni."

Rufaida ta ci gaba.

"Wajen uwata na samu. Ita ba ta sani ba, ba wanda ya auna ta, ba wanda ya ba ta komi. Ni na sani, Inna! In ya kamu, mi zan ce mishi in ya girma?"

Inna ta juya kan ɗanta, idonta jawur.

"Ka sani?"

"Na sani tun kahin aure."

"Ka sani ka kwaso mana ita? Kai ma ka..."

"Ni ba ni da ita. Ana auna ni, lahiyata lau. Tana shan maganinta, shi ke tsare mu duka."

"Ƙarya ne! Wallahi ɗan ga ba shi ƙara kama nononta!" Ta ƙanƙame Khalifa ta yunƙura za ta tashi, yaro ya tsanyare da kuka.

A nan ne Imrana ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, ya sa hannu biyu ya zare ɗansa na fari daga ƙirjinta, ya miƙa wa matarsa.

"Ki yahe mini, Inna. Likita za mu."

"Ƙahwata ƙahwarku!" in ji Inna tana neman mayafi. "In ga wadda ta ce mai ciwon ga ta ba ɗa nono!"

Haka suka hau moto su uku da jariri.

Madam Mansura ta shigar da su ofis ta rufe ƙofa. Ta shinshina kwalbar, ta rufe ido, ta yi salati a hankali. Kafin ta ce komai sai ta dubi Rufaida.

"Kin yarda in yi magana gaban Inna?"

"Ta riga ta ji, Madam."

Ta ɗauko sabuwar kwalba, ta ba Khalifa siro nan take, sannan ta ja kujera ta zauna gab da tsohuwa.

"Inna, wallahi kun gajiyar da ni, ku kakanni! Mu yi ta aiki wata da watanni, ku zo da ludayi ɗaya ku rushe. Ki saurare ni. Duk macen da ta zo awo muna auna jininta, da mijinta in ya yarda. Wadda munka samu da ciwon ga muna ba ta magani kyauta, shi danne ƙwayar cutar har ta rasa ƙarhin ƙetarawa wajen ɗa. Ta haihu a hannunmu, mu ba jariri siro. Surukarki ba ta taɓa ɓata randebu ba, duk ranar da munka sa mata tana zuwa."

"To nonon hwa? Ba cikinshi cutar take ba?"

"In uwa tana shan magani, nononta shi ne ya hi mishi komi. Amma shi kaɗai. Hanjin jariri ɗanye ne. Ruwa ko nonon akuya suna iya kawo mishi zawo su ji wa hanjin, nan ne cuta ke samun hanyar shiga."

Da Inna ta sake magana, muryar ba irin wadda ta shigo da ita ba ce.

"Ɗiyata... ya kamu?"

"Ban sani ba, Inna, ba kuma zan yi miki ƙarya ba. Awon jinin uwarshi na baya ya yi kyau ƙwarai, wannan shi ne babban abin da ke kwantar mini da hankali. Amma sai ya yi sati shida mu ɗibi jininshi mu aika, mu jira."

Tsohuwa ta dubi kwalbar da ke kan tebur. Sannan ta ce, "Siron ga, dole uwa ce za ta ba shi?"

"A'a. Kowane mai hankali."

"To koya mini."

Madam Mansura ta kama hannunta ta nuna mata yadda ake girgiza kwalba, da inda ake tsayar da sirinji. Inna ta gwada da ruwa a cikin kofi har sai da ta iya.

Kada ku ɗauka an shirya daga nan. Ina! Inna ta yi makonni ba ta amsa gaisuwar Rufaida sai da ka, Imrana kuwa ko kallo bai ishe ta ba. Amma kowace safiya, jariri yana cinyarta kamar yadda al'ada ta ce, ita ce ke ɗiga masa siro, mai jego tana ɗaki abinta da kunyarta. Masu zuwa gaisuwa suka ga kaka tana ba jikanta magani, ba wanda ya ga abin magana. Tsofaffi masu zuwa da dauri a ƙullin zane kuwa suka gamu da gamonsu.

"Mai da kayanki, Zara'u! Mijina ba shi shan komi sai nono!"

"Hajjo, ke ce yau?"

"Ni ce! Ke kinka haihe shi?"

Akuya dai nononta fura aka koma dama wa mai jego da shi. Wata ranar kasuwa kuma Inna ta je Urafane ta dawo, ba ta faɗa wa kowa komai ba.

Aka ɗebi jinin Khalifa a dunduniya, aka aika, aka shiga jira. Abinci ya daina shiga Inna, ta rame har zanenta na kwancewa. Rufaida ta lura. Wata rana ta same ta a bayan ɗaki tana share hawaye da bakin mayafi, ta durƙusa ta ajiye mata ƙwaryar fura.

"Inna, ki sha. Ba ki sani ba ne lokacin."

"Ke kuma kin bar ni cikin duhu," in ji Inna, ba ta ɗago ba. Ta ja numfashi. "Amma da kin hwaɗa mini tun ranar da na zo, da Allah kaɗai ya san haukar da zan yi. Zamna nan, ɗiyata."

Da rezilta, wato sakamakon awon, ta iso, Madam Mansura ta ce babu komai a jinin yaro, amma kada a saki jiki, akwai sauran awo, na ƙarshe sai bayan yaye. Suka ci gaba yadda aka ce. Wata shida nono zalla, sannan kunu, uwa kuma kullum da maganinta. Inna ta koma Urafane, sai dai duk ranar randebu za ka gan ta ta diro daga motar kasuwa tun da hantsi.

Ranar awon ƙarshe Khalifa da ƙafarsa ya shiga ofis, yana jan mayafin kakarsa. Aka soki yatsansa ya yi ihu, aka jira kaɗan. Madam Mansura ta duba, ta sake dubawa, sannan ta ɗago tana murmushi.

"Shi ke nan. Ba shi da ita. Ku tahi da ɗanku."

Inna ta faɗi ta yi sujada a kan siminti. Imrana ya juya baya yana goge ido da hularsa. Rufaida kuwa ba ta yi guɗa ba, ba ta yi ihu ba. Ta zauna a benci, ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na rawa.

Ƴan'uwa, darasin a fili yake, ni dai har na gaji da maimaita shi. Mai ciki ta je awo, ta yarda a auna ta, miji ya raka ta. Wadda aka samu da ciwon nan ta riƙe maganinta, ta haihu a likita, ta bi abin da aka ce. Ku kuma manya, al'ada abar girmamawa ce, amma in kun ga yarinya mai ladabi ta kafe a kan abu ɗaya tak, ku tambaye ta dalili cikin sirri kafin ku kira ta marar kunya. Haƙurin Rufaida da amanar Imrana ba su faɗi ƙasa banza ba.

Inna ta tashi daga sujada ta dafa kan surukarta.

"To kukan na mi ne kuma, ɗiyata?"

Rufaida ta ɗago jajayen idanunta.

"Uwata nike tunawa, Inna. Da ta samu wanda zai auna ta..." Ta jawo Khalifa ta zaunar da shi a cinyarta. "Daga ita cutar ta zo gare ni. A kaina ta tsaya."